Ƙurar Falon Miss Adassa

A gidan Miss Adassa Mullings, 'yar Jamaika da ke zaune a unguwar Handsworth ta birnin Birmingham, akwai ɗaki ɗaya da ba a zama a cikinsa. Falon gaba ne, kullum a kulle, makullinsa yana cikin gwangwanin shayi a saman firji, inda kowa ya sani kuma babu mai taɓawa. Fasto yana zama a ciki. Mutumin inshora ma yana zama, sai dai shi ba a ba shi abin sha. Maigidan kuwa, Mas Ruel, wanda wutar masana'antar narka ƙarfe ta cinye wa gashin hannu kafin a sayi kujerun, iyakarsa bakin ƙofa. Ya sha gaya wa abokan wasan dominonsa cewa ranar da ya mutu zai miƙe ƙafa a falon nan, ya ga mai tashinsa. Haka kuwa aka yi. A can aka ajiye akwatinsa kafin a wuce coci, kuma ko a ranar sai da Miss Adassa ta shimfiɗa leda a kan kafet tukuna.

'Ya'yanta biyu, Glenroy da ƙanwarsa Verona, ranar Asabar kawai suke shiga, su ma da tsumma a hannu. Aikin yana da tsari. Daga sama ake farawa, saman kabad ɗin gilashi, a sauko kan kofuna masu bakin zinare da ba a shan komai da su sai baƙo ya zo, a bi kifin gilashi da abarbar roba, a bi furannin roba ganye bayan ganye, a zagaya bayan garmaho, a goge ledar da ke kan kujeru har ta yi ƙara. Ƙananan shimfiɗun kwarashi da Miss Adassa ta saƙa da hannunta kuwa wanke su ake yi, a tsoma su a ruwan sukari, a kifa su kan kwano su bushe har bakinsu ya miƙe tsaye. In an gama sai ta zo ta bi da yatsa. Glenroy ya gudu daga aikin tun da wuri, wai ƙwallo. Verona ta yi shi har ta bar gidan.

Rayuwar gidan a kicin take. Ta ƙofar baya ake shiga, a tarar da tukunya a wuta da faɗa a bakin Miss Adassa. Wanda ta yi wa faɗa nata ne. Wanda ta yi wa magana mai daɗi, to ya binciki kansa.

A Birmingham aka haifi Verona, a asibitin da uwarta ta ƙare ƙuruciyarta tana wankin zannuwan gado. A makaranta, malamar da ke ba yara shawarar sana'a ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta gwada tsere, baƙaƙen fata irinsu suna da ƙafa. Verona ko bas ba ta taɓa bi da gudu ta kama ba. Sai ta yi dabara ta zama mai tuƙa shi, don kada ya ƙara barinta.

Ta daɗe a kan hanyar da ke zagaye gari. Duk wanda ya riƙe sitiyarin bas ya san fasinja sun ɗauka direba ba shi da kunne. A bayan ƙeyarta aka yi saki, aka yi sulhu, aka raba gado, aka zagi gwamnati da yare iri-iri. Akwai wata tsohuwar Baturiya da take shiga kowace Talata, ta zauna a kujerar farko ta yi ta mitar baƙin haure sun cika ƙasa, in za ta sauka kuma ta miƙa wa Verona alewa ta ce, "Ba da ke nake ba, 'yata, ke mutuniyar kirki ce." Verona takan shanye alewar. In ta koma gareji sai ta zauna a wurin shan shayi ta rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ba ragi ba ƙari.

"Farfesa an fara," in ji Gurdial, wani direba ɗan Punjab da suke karɓar mota a hannun juna. "In kin sa ni a ciki, ki rage mini tumbi."

"Dama takardar ba za ta ɗauke shi duka ba."

Da ta je Jamaika karon farko, dangin uwarta suka yi ta kiranta 'yar Ingila, suna dariyar yadda take gudun ƙadangare. Ta dawo ta ce to, can 'yar Ingila, nan 'yar Jamaika, a cikin jirgi ne kawai aka bar ta ta huta. Wannan ma ta rubuta.

Littafinta na farko gajerun labarai ne. Wasu mata ne suka buga shi a wani ɗaki da ke saman shagon aski, da injin da ya fi cin takarda a kan fitar da ita. A jaka take yawo da shi tana sayarwa a gareji da bakin coci. Gurdial ya sayi biyu, ɗaya ya karanta, ɗaya ya tokare ƙafar teburin shayi da ke rawa, kuma ya rantse duka biyun sun yi amfani. Littafi na biyu ta aika wa manyan masu bugawa a Landan. Ya yi ta zuwa yana dawowa. Wani ya rubuto cewa aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai bana sun riga sun ɗauki marubuciya baƙar fata guda. Verona ta nuna wa Gurdial ta ce, "Ashe su ma irin aikinmu suke yi. Mota ta cika, a jira ta baya." Ta kuwa jira ta baya.

Ta bayan ita ce Philippa, wata edita doguwa mai yawan ba da haƙuri, ko kujera ta yi tuntuɓe da ita sai ta ba kujerar haƙuri. Ita ta karɓi littafi na uku, labarin wani gida irin na su Verona: uba a masana'anta, uwa a wankin asibiti, yara biyu da ake tambaya daga ina suke alhali ga asibitin da aka haife su can ana hango shi. Gyara ɗaya Philippa ta nema. Babin falon gaba, in ji ta, ya cika walwala. Tana son mai karatu ya ji nauyin mutanen da suka baro gida ba su koma ba. Verona ta sauka daga aikin safe ke nan, bayanta yana ciwo. Ta ɗauki biro ta zuba ƙura a kan furannin roba, ta ƙara da 'yar saƙar gizo a bayan hoton aure, ta mayar. Ƙura ba ta da nauyi a takarda. Ba ta ƙara ko tunawa da ita ba.

Littafin ya karɓu. Ya zo na biyu a wata babbar gasa, aka sa shi a makarantu, Verona ta ajiye bas. Daga nan duk lokacin da wani ɗan siyasa ya buɗe baki a kan baƙin haure, sai a kira ta gidan rediyo ta zo ta rufe masa. A taro kuma dole a samu wani ya ɗaga hannu ya ce, "Amma asalinki daga ina?" Ita kuma ta ba shi lambar bas ɗin da zai kai shi ƙofar gidansu. Masu sharhi a jarida kowa da abin da ya gano a littafin, amma a wuri ɗaya suka haɗu, wato ƙurar nan. Wani ya ce bai taɓa ganin an faɗi baƙin cikin ƙaura a layi ɗaya kamar haka ba.

Miss Adassa ba ta karanta littafin ba. Baibul kawai take karantawa, kuma ta ce shi ma har yanzu ba ta gama da shi ba. Amma ta ajiye na 'yarta a saman firji kusa da gwangwanin makulli, duk wanda ya shigo sai ta sa shi ya ɗauka ya ji nauyinsa. Da abin ya tsaya nan, da lafiya lau. Sai gidan rediyo ya ɗauki littafin ana karanta shi kowace safiya, kuma Sista Pearline tana da rediyo.

Sista Pearline ita ma tana da falon gaba, ba nisa da nan. Jirgi ɗaya ya kawo su Ingila, benci ɗaya suke zama a coci, kuma tun zuwansu kowacce idonta yana kan kabad ɗin 'yar'uwarta. Ranar Lahadi ta jira sai da mata suka taru a matakalar coci.

"Miss Adassa, na ji littafin 'yarki a rediyo! Kai, yarinyar nan Ubangiji ya ba ta baki. Har na ga falon da idona." Ta gyara hularta. "Ni dai na ce wa kaina, ashe shi ya sa ake kulle ƙofar. In tsumma ne babu, ai da kin yi magana, ina da su har sun yi mini yawa."

Aka ba Miss Adassa labarin ƙura da na saƙar gizo, kowacce da nata ƙarin. Ta riƙe jakarta da hannu biyu ta tafi gida.

Da rana Verona ta zo cin abincin Lahadi yadda ta saba, ta zagaya ta baya, ta tarar an sa wa ƙofar sakata. Tana jin ƙamshin kaza da madarar kwakwa, tana jin cokalin Glenroy yana aiki. Ta ƙwanƙwasa taga.

"Wai ki bi ta gaba," in ji Glenroy, bakinsa cike.

"Ta gaba? Wa ya mutu?"

"Ke, ina jin."

Miss Adassa da kanta ta buɗe ƙofar gaba, hular coci har yanzu a kanta. "Barka da zuwa, Miss Mullings. Shigo, shigo. Yaya hanya?" Falon a buɗe yake. Ta nuna mata doguwar kujera. Verona ta zauna a kai karo na farko a rayuwarta, ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinta kamar mai ƙorafi. Aka kawo mata zoɓo mai citta a kofi mai bakin zinare, a kan faranti, har da takardar goge baki.

"Mama, mene ne haka?"

"Karramawa. Ba kullum marubuciya ke zuwa gidan mutum ba. Ki duba da kyau, ko akwai abin da ya kuɓuce miki wancan karon."

Sai a lokacin Verona ta tuna da ƙurar. "Mama, labari ne fa. Ba falonki ba ne, na wata mata ce a cikin littafi."

"Tana da kifin gilashi?"

"Tana da shi."

"Abarba fa?"

Verona ta dubi abarbar, abarbar ta dube ta.

"To Allah ya ba matar nan lafiya," in ji Miss Adassa, "ya kuma ba ta 'ya mai tsumma." Ta zauna a bakin kujera, ta haɗa gwiwa yadda take yi wa fasto. Muryarta ƙasa-ƙasa, babu faɗa ko kaɗan, wanda shi ne abin tsoron. "Shekarar da na zo, ni da ubanki mun bi ƙofa-ƙofa neman ɗakin haya. Wata mata a layin bayan nan ta dube ni ta ce ita ba ta da komai da mu, tsabta dai take so a gidanta. Ni da na baro gidan da ake goge daɓe da ɓawon kwakwa har mutum ya ga fuskarsa. Ban ce mata komai ba. Wannan ɗakin shi ne amsata. Duk Baturen da ya taɓa shigowa nan, mai karanta mita ne ko ɗan sanda, sai da ya dubi takalminsa. Yanzu 'yata ta shiga rediyo ta gaya wa ƙasa duka cewa matar nan gaskiya ta faɗa." Ta miƙe. "A ƙaro zoɓo?"

Abincin ma a falo aka kawo mata, da wuƙa da cokali mai yatsu, cinyar kaza mai kyau irin ta baƙi. Ƙanzon shinkafa da wake kuwa, wanda tun suna yara ita da Glenroy suke kokawa a kansa, tana ji yana kankare shi a kicin shi kaɗai, har da waƙa.

Haka aka yi ta yi, tun ana zafi har sanyi ya kama. Kowace Lahadi ƙofar gaba, kowace Lahadi Miss Mullings. Verona ta yi abin da ta iya, wato magana. Ta faɗa a rediyo cewa falon uwarta ya fi ɗakin tiyata tsabta. Miss Adassa ta ce ta ji, ta gode, muryar ta fita sosai. Verona ta rubuta a jarida. Miss Adassa ta yanke shafin ta shimfiɗa a ƙasan kwandon shara, ta ce takardar tana da kauri mai kyau. Verona ta takura wa Philippa har aka cire ƙurar a bugu na gaba, Philippa tana ba da haƙuri tana cewa layin da ya fi kowanne ke nan. Verona ta kawo sabon bugun ta buɗe shafin. Miss Adassa ta sa tabarau ta duba a hankali.

"An goge tsaf. Wa ya goge?"

"Masu bugawa."

"Sannunsu da aiki."

Har Philippa ta zo gidan da mai ɗaukar hoto. Aka jera su uku a kan leda, aka ba su kek a farantin da ba ya fitowa sai Kirsimeti. A mota Philippa ta share hawaye ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ke girmama 'yarta haka ba. "Kin ga kofin da ta ba ki kuwa?" Verona ta ce ta gani.

Amfanin zaman baƙo ɗaya ne, ba shi da abin yi sai kallo. Wata Lahadi a farkon Disamba rana ta ɗan leƙo ta labule, hasken ya faɗa saman kabad, Verona ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a ɗakin nan. Ƙura ce, ta gaske, ta kwanta a saman kabad da kan hoton aure. Daga kafaɗa zuwa ƙasa komai yana walƙiya. Daga kafaɗa zuwa sama an bar wa Allah. Sai ta lura da yadda uwarta ta ajiye mata faranti da hannun hagu, na dama yana manne da jiki. Kafaɗar da ta yi ta ɗaga jiƙaƙƙun zannuwan asibiti ce ta ƙi ɗaguwa, kuma Miss Adassa ba za ta faɗa ba ko da wuƙa a wuya.

Ga shi kuma Lahadi mai zuwa zagayen addu'ar mata ya faɗo gidan. Sista Pearline za ta zo, kuma Sista Pearline doguwa ce.

Verona ta juya abin ta ko'ina. In ta faɗa, ta zagi uwarta sau biyu. In ta nemi izini, baƙo ba ya shara. Ta tare Glenroy a bakin motarsa.

"Ka san da kafaɗar Mama?"

"Ta ce sanyi ne."

"Kai da kake cinye ƙanzo kullum, ba za ka iya goge saman kabad ba?"

"Ni? In fasa mata kofi ɗaya ta haɗa ni da ke a falo? Ina da iyali, Verona. Ke dai ki ƙara rubuta mata wani abu, ko waƙa ce."

Ranar Asabar ana jiranta a Landan, za ta zauna da wasu marubuta a yi muhawara kan wane ne ɗan ƙasa. Ta sa rigarta mai kyau, ta je tashar jirgin ƙasa, ta tsaya tana kallon allo. Muhawarar nan tun kafin a haife ta ake yin ta, kuma mako mai zuwa ma tana nan ba ta je ko'ina ba. Ta kira Philippa, wannan karon ita ta ba da haƙuri, ta fito ta hau bas.

Ta san Asabar da safe Miss Adassa tana kasuwa, wurin kabewa da doya da ƙashin miya, kuma ba ta dawowa sai ta gaya wa kowane mai sayarwa laifinsa. Makullin ƙofar baya yana nan a jakar Verona tun tana budurwa. Ta shiga. Kicin ɗin ya tare ta da ƙamshin citta da sabulu, sai da ta ɗan tsaya. Sannan ta miƙa hannu saman firji ta buɗe gwangwanin da babu mai taɓawa.

Hannu ba ya mantuwa. Ta tattara shimfiɗun kwarashi ta wanke, ta dama ruwan sukari, ta kifa su kan kwanoni. Ta shimfiɗa jarida ta jera kofuna. Ta bi furannin roba ganye bayan ganye, kuma ta san a ranta ko a yau da kafaɗa ta ƙi, babu ƙura a jikinsu, don su hannu yana kai musu. Ta cire takalmi ta hau kujera ta kama saman kabad. Tana can sama, tsumma ya yi baƙi ƙirin, sai ta ji kukan tayar jakar kasuwa a bayanta.

Miss Adassa tana tsaye a bakin falo da kwat ɗinta da ɗankwali. Ta dubi makullin a jikin ƙofa. Ta dubi kofunanta a ƙasa. Ta dubi tsumman. Verona ta so ta ɓoye shi a bayanta, amma an riga an gani, su biyun sun san abin da ke jikinsa da inda ya fito. Ta juya ta ci gaba da goga.

Sai falon ya ɗauka da muryar Miss Adassa.

"Sauko mini daga kujera, ƙatuwar banza! Ba ki ga tsani a bayan ƙofa ba? Kujerar da ubanki ya mutu bai zauna a kai ba, ke kin hau ta da ƙafa!"

Verona ta sauko da sauri, tana cizon leɓe don kada murmushi ya fito.

"Kuma wa ya koya miki ajiye kifi haka? Taga yake kallo, ba ƙofa ba. Unguwa zai tafi? Tun kina da majina nake fama da ke, kan nan ba ya riƙe komai sai ƙarya."

"To, Mama."

"Kar ki ce mini to. Bayan garmaho fa?"

"Ban kai ba tukuna."

"Ba ki kai ba. Da rubutu ne da tuni kin kai Landan kin dawo." Ta ja jakarta ta nufi kicin, tana tafe tana mita a kan sukarin da aka yi mata ɓarnarsa. Daga can ta ɗaga murya. "In kin gama ki zo ki fere mini kabewar nan, hannun ya ƙi. Kuma ki cire wannan rigar, kamar mai zuwa kotu."

Iyakar abin da aka taɓa faɗa a kan kafaɗar ke nan, sai ranar da Verona ta kai ta wurin likita, Miss Adassa ta gaya masa labulen ofishinsa yana son wanki.

Verona ta rubuta wasu littattafan bayan wannan. Akwai na gareji, wanda Gurdial ya ce an zalunce shi a ciki amma ya sayi biyar. Akwai wanda wasu suka ce ya cika fushi, wasu suka ce bai yi fushi yadda ya kamata ba. Kowanne sai ta karanta wa uwarta shi a kicin kafin Philippa ta gani, ita tana karatu Miss Adassa tana tsintar wake tana cewa wannan ba haka aka yi ba. Masu shirya taro kuma sun daina wahalar da kansu, sun san ba a samun Verona Mullings ranar Asabar da safe.

Amma Lahadin nan ta addu'a ita ce wadda mutanen layin suka riƙe. Mata sun cika falo, leda tana ƙara ta ko'ina. Da aka shafa addu'a, Sista Pearline ta miƙe wai za ta ga hoton aure da kyau. Ta ɗora hannu a saman kabad kamar mai neman madafa, ta ja yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Farar safar hannu ce a hannunta. Ta sauke, ta duba, ta juya, ta sake dubawa.

"Mas Ruel ya yi kyau a hoton nan, Miss Adassa."

"Ya yi. Safarki ma ta yi kyau, Sista, fara tas. Ki gwada saman ƙofa ma, tunda Allah ya ba ki tsawo."

Mata suka sunkuyar da kai cikin kofuna. Daidai nan Verona ta shigo da tulun zoɓo, da zanen girki ɗaure a ƙugu. Sista Pearline ta samu inda za ta juya.

"A'a, marubuciyarmu! Ba za ki zauna da mu ba? Ga wuri."

"Ta zauna a ina?" in ji Miss Adassa. "Tana da tukwane. Ke, ajiye ki wuce, kar ki zuba mini a kafet."

Verona ta ajiye ta wuce. A kicin ta tarar Glenroy ya riga ya jawo tukunyar shinkafa gabansa, ya ɗaga cokali. Ta fizge tukunyar ta juya masa baya.

"Haba, Miss Mullings, ai ke baƙuwa ce. Cinyar kazarki tana can a faranti."

"Je ka ci. Akwai wuƙa da cokali mai yatsu."

A tsaye ta cinye ƙanzon, tana kare tukunyar da gwiwar hannu, Glenroy yana kiran Mama ta zo ta raba su. Daga falo Miss Adassa ta daka musu tsawa su biyun, da sunayensu.